Fasawa, Dainawa da Janyewa: Nazarin Harshen Wa'adi da Barin Darasi a Jami'a

1.0 Gabatarwa

A kowace shekarar karatu akan sami ɗalibin da ya yi rajistar wani darasi, ya halarci aji mako biyu ko uku, sannan ya ɗauke ƙafa. Idan abokan karatunsa suka tambaye shi, sai ya ce, "Ai na bar wannan darasin." Ranar da aka manna sakamako a allon sanarwa sai ya tarar da sunansa a jerin masu darasin, a gabansa kuma ga sifiri ko alamar rashin halarta. A ganinsa ya bari tun da daɗewa. A littafin ofishin rajista kuwa faɗuwa ya yi. Tushen wannan saɓani kalma ce guda, wato "bari", wadda ɗalibi ya fahimta ta wata fuska, hukumar jami'a ta fahimta ta wata.

Wannan maƙala ta dubi al'amarin da idon mai nazarin harshe. Ta fara da bayanin tsarin karatun da ake bi a Damagaram da wanda ake bi a ƙetaren iyaka, sannan ta rarrabe ma'anonin aikatan Hausa da suka shafi barin abu, ta nazarci kalmomin wa'adi, ta kuma nuna cewa janyewa daga darasi aiki ne da ake aiwatarwa da furuci rubutacce, wanda shiru ba ya tsayawa a madadinsa.

2.0 Muhallin Nazari

Damagaram Takaya gari ne da ke arewa maso gabas da birnin Zinder, kuma daga sunan Damagaram ne daular da ta kafu a ƙarni na 18 ta sami sunanta, daular da ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimun. A shekarar 2011 aka ɗaga yankin zuwa matsayin gunduma, bayan an cire shi daga Mirya. Ɗalibin da ya fito daga wannan yanki, ko daga Gidimuni, ko Albarkaram, ko Mowa, idan ya ci jarrabawar bakaloreya, jami'ar da ta fi kusa da shi ita ce ta Zinder. An kafa ta a 2010 tare da na Maraɗi da Tawa, kuma a yau tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin nan haifaffen Zinder, wanda ya wallafa littafi kan daular Damagaram a 1971, ya kuma rasu a 2022.

Harshen takardun jami'a Faransanci ne, harshen hira a harabar jami'a kuwa galibi Hausa ne. Saboda haka kowace sanarwa takan bi ta matakai biyu kafin ta isa kunnen ɗalibi: a rubuta ta da Faransanci a manna, sannan wanda ya karanta ya fassara wa ƴan'uwansa da baki ko ta WhatsApp. A wannan mataki na biyu ne ma'ana kan zube. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, buƙatar tsayayyun kalmomin gudanar da jami'a cikin Hausa ta zama aikin da ke jiran masana harshe.

2.1 Tsarin LMD

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD, wato lisans, masta da digirin digirgir. Asalinsa yarjejeniyar Bolonya ce ta 1999 tsakanin ƙasashen Turai, kuma ƙungiyar UEMOA ta amince da shi ga jami'o'in ƙasashenta a 2007. A wannan tsari an raba shekara zuwa zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30. Lisans zango shida ne, kiredi 180. Masta zango huɗu, kiredi 120. Darussa kuma a rukuni-rukuni suke, kowane rukuni ana kiransa "unité d'enseignement", a taƙaice UE, kuma yakan ƙunshi darasi ɗaya ko fiye. Makin cin nasara 10 ne bisa 20.

Akwai abubuwa uku a tsarin da suka shafi wannan nazari. Na farko, rajista iri biyu ce: rajistar hukuma, wadda ake yi sau ɗaya a shekara a biya kuɗi a karɓi katin ɗalibi, da rajistar darussa, wadda ke tabbatar da rukunonin da ɗalibi zai zauna wa jarrabawa. Na biyu, mafi yawan rukunoni na tilas ne ga duk wanda ke sashen, kaɗan ne na zaɓi. Na uku, akwai ƙa'idar "capitalisation", wadda ke nufin rukunin da ɗalibi ya ci ya zama nasa har abada, da ƙa'idar "compensation", wadda ke ba maki mai yawa damar rufa wa maki kaɗan asiri idan an haɗa an raba.

Abin da ya fito daga nan shi ne, a tsarin LMD ba a cika samun ƙofar ajiye darasi guda a ci gaba da sauran ba. Abin da ɗalibi ke iya nema shi ne sauya darasin zaɓi a farkon zango, ko sauya sashe, ko dakatar da karatu bisa uzuri, ko soke rajista gaba ɗaya.

2.2 Tsarin Kiredi a Nijeriya

Ƴan Damagaram da yawa suna karatu a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, suna kuma dawowa gida da kalmomin can. A jami'o'in Nijeriya ɗalibi ne ke cike takardar darussan da zai ɗauka, tsakanin mafi ƙarancin kiredi 15 da mafi yawa 24 a zango, bisa ma'aunin hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC. Bayan an fara karatu akan ba da ɗan lokaci na ƙari da ragi, inda ɗalibi zai cike wata takarda ya ƙara darasi ko ya cire, da sa hannun mai ba shi shawara da shugaban sashe. Darasin da aka cire a cikin wannan lokaci ba ya fitowa a sakamako. Wanda aka bari bayan lokacin ya wuce kuwa faɗuwa ce, kuma ya zama kariyoba, wato bashin da za a biya a shekara mai zuwa. A jami'o'in Amurka, inda wannan tsari ya samo asali, akan ƙara wa'adi na biyu: wanda ya janye bayan lokacin ƙari da ragi, amma kafin wa'adi na biyun, akan rubuta masa harafin W a takardar sakamako, alamar ya janye ne bai faɗi ba.

Ke nan idan ɗalibin Bayero ya ce wa ƙaninsa da ke Zinder, "In darasin ya yi maka nauyi ka ajiye shi mana," shawara ce mai kyau a tsarin da shi yake ciki, amma tana iya zama tarko a tsarin da ƙanin nasa yake.

3.0 Aikatan Barin Abu a Hausa

Hausa tana da yalwar aikatau a wannan fage, kuma ba su zama ɗaya ba. Za a dube su ta fuska biyu: ajin da kowane ya faɗa a rabe-raben aikatau na F. W. Parsons na 1960, da kuma abin da kowane ya riga ya ɗauka a matsayin gaskiya kafin a furta shi, wanda za a kira shi ɓoyayyen zato a nan.

3.1 Fasa da Daina

Waɗannan biyu ƴan aji na ɗaya ne, kuma dukansu suna ɗaukar sunan aiki a matsayin karɓau. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ya fasa zuwa aji.
(2) Ya daina zuwa aji.

Jimla ta (1) ta ɗauka cewa ya yi niyya amma bai kai ga aikatawa ba. Jimla ta (2) ta ɗauka cewa dā yana zuwa. Hanyar gane ɓoyayyen zato ita ce a kore jimlar a ga abin da ya saura. Idan aka ce "bai daina zuwa aji ba", har yanzu maganar cewa dā yana zuwa tana nan daram. Saboda haka "fasa" ta dace da wanda ya sauya ra'ayi kafin a rufe rajistar darussa, "daina" kuma tana bayyana halin ɗalibi ne kawai. Tana faɗin abin da ƙafarsa ta yi, ba ta cewa komai game da abin da ke rubuce a ofis.

3.2 Bari

"Bari" aikatau ne da ba ya bin ƙa'idar ajujuwan nan, yana zama "bar" idan karɓau ya biyo baya. Shi ne ya fi kowane faɗin ma'ana:

(3) Ya bar gari. (tafiya)
(4) Ya bar shan taba. (dainawa)
(5) Ya bar shi ya shiga. (izini)
(6) Ya bar kuɗin a aljihu. (rashin ɗauka)

Faɗin nan ne ya sa "na bar darasin" ke iya nufin an cike takarda, ko an daina zuwa, ko an ƙyale shi sai baɗi. Kalmar da ke ɗaukar ma'ana uku a jimla ɗaya ba ta dace da rubutun doka ba.

3.3 Ajiye da Jingine

Dukansu ƴan aji na huɗu ne. Wanda ya ajiye abu ya san inda ya sa shi, kuma yana iya komawa ya ɗauka. Sai dai amfani ya ba kalmar wata ma'ana ta rabuwa ta dindindin, kamar a "ya ajiye aiki". "Jingine" ba ta da wannan harshen damo. Abin da aka jingine, sanda ne ko shari'a ko yajin aiki, ana nufin komawa kansa. Ita ce ta fi dacewa da ɗalibin da rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwar mahaifi ta tilasta masa tsayawa na wani lokaci da izinin hukuma.

3.4 Janye

An gina "janye" daga "ja" da ɗafa-ƙeyar -nye, kamar yadda "ci" ya ba da "cinye", "sha" ya ba da "shanye". Aji na huɗu yakan nuna kammaluwar aiki ko rabuwa da wuri, don haka "janye" na nufin a ja abu a fitar da shi ɗungurungum daga inda aka sa shi. Yana zuwa so-karɓau, yana kuma zuwa ƙi-karɓau:

(7) Ta janye ƙarar da ta shigar.
(8) Ya janye daga takara.

Abin lura shi ne, abubuwan da ake janyewa, ƙara da takara da magana da goyon baya, duk abubuwa ne da aka gabatar a gaban wasu. Ba a janye ƙara a zuci. Sai an koma gaban alƙalin da aka kai wa. Ɓoyayyen zaton "janye" ke nan: akwai wanda aka miƙa wa, kuma shi za a sanar. Wannan ne ya sa ta fi kowace cancantar zama keɓaɓɓiyar kalmar fita daga darasi bisa ƙa'ida.

3.5 Watsar da Dakatar

Waɗannan ƴan aji na biyar ne, ajin da ke nuna an tura abu nesa da mai aikatawa, ko an sa wani abu ya auku. "Ya watsar da karatu" na ɗauke da zargi da rashin niyyar komawa, kuma ita ta yi daidai da "abandon" na takardun Faransanci. "Dakatar" kuwa tana da haɗari a fassara, domin a harshen ofis ta fi zuwa da hukuma a matsayin mai aikatawa: "an dakatar da ɗalibi" hukunci ne, ba alfarma ba. Idan aka yi amfani da ita ga wanda ya nemi hutun rashin lafiya, mai karatu zai zaci laifi ya yi.

4.0 Kalmomin Wa'adi

Kalmar "wa'adi" ta fito ne daga tushen Larabci mai ma'anar alkawari. Akwai kuma "ajali", wadda a Larabci take nufin ƙayyadadden lokaci kowane iri, amma a bakin Hausawa ma'anarta ta tsuke ta fi komawa kan lokacin mutuwa. Don haka "wa'adi" ce ta rage wa harkar ofis. Matsalar ba a kanta take ba, a kan ƙananan kalmomin da ke kewaye da ita take.

4.1 Ranar Iyaka: Tana Ciki ko Tana Waje?

A dubi waɗannan:

(9) A kawo takarda kafin 15 ga wata.
(10) A kawo takarda zuwa 15 ga wata.
(11) Za a karɓi takarda har ranar 15 ga wata.

A (9) ranar 15 tana waje. Wanda ya zo a cikinta ya makara. A (11) akasarin masu magana za su sa ta ciki. Jimla ta (10) kuwa tana karɓar fassara biyu. Faransanci ma yana da wannan bambanci: "avant le 15" ta fitar da ranar, "au plus tard le 15" da "jusqu'au 15 inclus" sun shigar da ita. Idan mai fassara da baki ya mayar da "avant le 15" ta zama "zuwa 15 ga wata", ya ƙara wa abokansa kwana ɗaya da ofis bai san da shi ba. Idan sanarwa ta ƙare da "délai de rigueur", ma'anarta babu ƙari, bakin alƙalami ya bushe.

4.2 Lissafin Kwanaki

Bahaushe da dare yake ƙirga lokaci, shi ya sa ake cewa "kwana". Yaron da aka haifa ranar Litinin akan raɗa masa suna Litinin ta sama, a ce ya yi kwana bakwai. Bafaranshe kuwa wannan tazarar yakan kira ta "huit jours", mako biyu kuma "quinze jours", domin yana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka. Wanda ya fassara su kalma da kalma, ya ce kwana takwas ko kwana goma sha biyar, yana iya yin kuskuren kwana guda.

Haka nan takardun ofis suna bambanta "jours calendaires", wato dukan ranaku har da na hutu, da "jours ouvrables", waɗanda ba a lissafa Lahadi da ranakun hutu a cikinsu, da "jours ouvrés", wato ranakun da ofis ke buɗe da gaske. Hausa ta yau da kullum "kwana" kawai take cewa. Ga uzurin rashin halartar jarrabawa, wanda galibi ƴan kwanaki kaɗan ake bayarwa a kawo shaidar likita, wannan bambanci yana iya zama shi ne tsakanin karɓa da ƙi.

4.3 Daren Juma'a

A lissafin Musulunci da Hausawa suka gada, yini yana farawa ne daga faɗuwar rana. "Daren Juma'a" shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. "Vendredi soir" kuwa, a wannan lissafi, daren Asabar ne. Yanzu da rajista ke komawa ta intanet, inda ake rufe shafi da tsakar dare, fassara "vendredi à minuit" da "daren Juma'a" na iya raba mutane gida biyu. Ga kuma wata: idan da hannu za a miƙa takarda, ofisoshin gwamnati kan tashi da wuri ranar Juma'a, don haka wa'adin Juma'a gajere ne.

4.4 Wa'adi da Kalandar Gida

Ɗalibin karkara yana rayuwa ne tsakanin kalanda uku: ta jami'a, ta Hijira mai azumi da sallah, da ta noma. A ƙasar Damagaram damina takan kama daga Yuni zuwa Satumba, girbin gero ya biyo baya, kuma gida yana buƙatar hannu. Yajin aiki da jinkiri sun sha karkatar da kalandar jami'o'in gwamnati a ƙasashen biyu. A Nijeriya yajin aikin malamai na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saboda haka wa'adin bara ba hujja ba ne a bana. Wanda ya tafi gona yana dogaro da cewa "bara sai bayan sallah aka rufe" ya dogara da abin da ba shi da alaƙa da sanarwar bana.

5.0 Janyewa a Matsayin Furuci Mai Aikatawa

A littafinsa na 1962, masanin falsafar harshe J. L. Austin ya nuna cewa wasu furuce-furuce ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aiwatarwa. Idan liman ya sanar da sunan jariri, ko waliyyi ya ce ya bayar a wurin ɗaurin aure, furucin shi ne aikin. Amma Austin ya ƙara da cewa irin wannan furuci ba ya tabbata sai an cika sharuɗɗa: a sami tsararriyar hanya da jama'a suka sani, mutumin da ya dace ya furta, a gaban wanda ya dace, a kuma bi hanyar har ƙarshenta. Yaro da ke wasa ya ce "na ɗaura" bai ɗaura komai ba.

"Na janye" irin wannan furuci ne. Sharuɗɗansa a jami'a huɗu ne. Na farko, abin da ake son janyewa daga gare shi ya kasance doka ta yarda a janye. Ba a janyewa daga rukunin tilas. Na biyu, ya zama a rubuce. Na uku, a miƙa shi ga mai ikon karɓa, wato shugaban sashe ko shugaban tsangaya ta hannun ofishin rajista, domin malamin darasi ba shi ke riƙe da littafin rajista ba, ko da ya ce "ba komai". Na huɗu, ya isa a cikin wa'adi, a kuma karɓi shaidar isarsa mai ɗauke da hatimi da kwanan wata.

A nan ne al'ada da ofis suka rabu. Hausawa na cewa shiru ma magana ce. Kunya da kawaici sun koya wa yaro cewa ba a fuskantar babba a ce masa "na fasa". Sai a ja jiki, shi kuma ya gane. Wannan ladabi ne a zaure. Littafin rajista kuwa ba ya karanta shiru ta wannan hanya. Yana da kalmominsa: "absence justifiée" ga wanda ya kawo uzuri, "absence injustifiée" ga wanda bai kawo ba, "ajourné" ga wanda ya zauna bai kai maki ba, da "défaillant" ga wanda bai zauna ba sam. A dokokin jami'o'i da yawa masu bin LMD, wanda aka rubuta wa "défaillant" ba a ma lissafa masa matsakaicin makin zango.

5.1 Abin da Shiru ke Jawowa: Misalai Biyu

A ƙaddara ɗaliba tana da rukuni biyar a zango, kowane kiredi 6. Ta sami 13 da 12 da 12 da 11 a guda huɗu, jimla 48. Na biyar ya gagare ta. Idan ta daure ta zauna ta sami 6, jimla ta zama 54, a raba biyar ya ba da 10.8, ta haye zangon da kiredinta 30, muddin dokar tsangayarta ta yarda da cike giɓi tsakanin rukunoni, kuma ba ta sa wani mafi ƙarancin maki da ya wuce 6 ba. Idan ta ƙaurace aka rubuta sifiri, 48 a raba biyar 9.6 ne, ba ta haye ba. Darasin da ta ɗauka ta rabu da shi shi ne ya riƙe mata zango.

A ƙaddara kuma ɗalibi a Kano ya yi rajistar kiredi 20, ya sami matsakaicin maki 4 bisa 5 a kiredi 17, wato 68. Darasi mai kiredi 3 ya daina zuwa. Da ya cire shi a lokacin ƙari da ragi, 68 a raba 17 zai ba da 4.00. Da yake bai cire ba, 68 a raba 20 ya ba da 3.40, ƙasa da 3.50 da ake buƙata don babban mataki na biyu. Bambancin 4.00 da 3.40 takarda ɗaya ce da sa hannu biyu.

Ba a maki kaɗai asarar take tsayawa ba. Alawus ɗin karatu, irin wanda hukumar ANAB ke kula da shi a Nijar, da damar sake maimaita aji, duk suna rataye ne a kan abin da takarda ta nuna. A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin kwantar da hankali: saboda ƙa'idar mallakar kiredi, wanda ya jingine karatu ta hanyar da ta dace ba ya rasa rukunonin da ya riga ya ci.

6.0 Shawarar Keɓaɓɓun Kalmomi

Aikin da aka yi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya nuna cewa ana iya tsayar da kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya idan masana suka zauna. Bisa nazarin da ya gabata, ana ba da wannan shawara ga masu fassara sanarwar jami'a:

- Sauya darasi: musanya darasin zaɓi da wani a farkon zango.
- Janyewa: fita daga darasi ko daga rajista a rubuce, cikin wa'adi.
- Jingine karatu: tsayawa na ƙayyadadden lokaci da izini.
- Dakatarwa: hukuncin da hukuma ta yanke.
- Watsarwa: barin karatu ba tare da sanarwa ba.
- Rashin halarta mai uzuri, da marar uzuri.
- Ranakun aiki, a bambanta su da kwanaki.

Game da wa'adi kuwa, ya kamata a guji "kafin" da "zuwa" da "daren kaza", a rubuta suna da lamba da sa'a: "Ranar ƙarshe ita ce Alhamis, 15 ga wata, da ƙarfe 12 na rana." Takardar ɗalibi ma ba ta buƙatar tsawo. Bayan gaisuwar girmamawa ga shugaban tsangaya, da suna da lambar rajista da sashe, jimla ɗaya ce zuciyarta: "Ina neman izinin jingine karatuna na zango na uku saboda rashin lafiya, ga shaidar likita a haɗe." Aikatau ɗin ya fito fili, abin da ya shafa ya fito, dalili ya fito.

7.0 Kammalawa

An ga cewa "fasa" da "daina" suna bayyana niyya da hali, "bari" ta yi faɗi da yawa, "janye" da "jingine" ne suka ƙunshi sanar da wani. An kuma ga cewa kwana ɗaya na iya ɓacewa tsakanin "avant" da "zuwa", ko tsakanin daren Juma'a na Bahaushe da na takardar ofis. Ɗalibin da darasi ya yi wa nauyi yana da tambayoyi uku da zai kai ofishin rajista tun makon farko: shin darasin na tilas ne ko na zaɓi, wace rana ce ta ƙarshe, kuma wa ake rubuta wa. Tun ran gini ran zane, matambayi kuma ba ya ɓata.

8.0 Tambayoyin Bita

1. A kore jimlolin "ta fasa rajista" da "ta daina rajista", a bayyana ɓoyayyen zaton da ya saura a kowace.
2. A kawo abubuwa biyar da ake janyewa da biyar da ake jinginewa, a nuna siffar ma'anar da ta haɗa kowane rukuni.
3. A samo sanarwa guda daga allon tsangaya, a ba mutum biyar su fassara ta zuwa Hausa da baki, a kwatanta ranar ƙarshe da kowane ya fahimta.
4. A tattauna ko karin harshen Damagaram yana da wani aikatau na barin abu da bai zo a wannan maƙala ba, a kuma fayyace ajinsa.